Tayoyi Huɗu Don Hawan Kop

Litinin, 24 ga Nuwamba, da hantsi

A sanar da jama'ar Bayburt, manya da yara, da duk hukumomin da abin ya shafa: ni Nusret, tsohon malamin labarin ƙasa, mai cin fansho, na yanke shawarar sayen tayoyin sanyi. Ba a buga ganga ba. Matata Sa'adet ce kaɗai ta halarci taron, ita ma tana yankan albasa, ta ce in matsa daga bakin taga ina tare mata haske.

Shekara ashirin da ɗoriya ina da mota ban taɓa sayen irin tayoyin nan ba. Da sanyi ya kama sai in tura ta rumfa, in cire batir, in lulluɓe ta da tsohon bargo kamar kaka, sai dusar ƙanƙara ta narke mu gaisa. Mai hankali ba ya hawa dutsen Kop a Disamba. Na faɗa wa ɗalibai haka aji bayan aji, da taswira a bango da sanda a hannu.

Bana kowace Alhamis zan hau shi. Asibitin Erzurum yana bayan dutsen, kuma Sa'adet tana da ƙarin ruwa a can duk mako. Likita ya ce kada a tsallake ko ɗaya. A baranda ya gaya mini, ita tana ciki tana sa takalmi. Ya faɗi sunan abin sau ɗaya, murya ƙasa-ƙasa, yadda suka saba, ya bar wa miji ya san yadda zai yi da shi. Ni kuma na ce mata kumburi ne ake narkarwa. Ta ce to. Ban gaya wa kowa ba, kuma ba zan rubuta shi a nan ba.

Maganar taya muke yi.

Talata, 25 ga Nuwamba, bayan la'asar

Matsalar wili ce. Bara ɗanmu Ilker ya zo hutu daga Izmir, ya ce motata ta yi kama da ta mai tallan dankali, ya je ya sa aka ɗaura mata manyan wili masu ƙyalli, inci goma sha bakwai, da tayoyi masu faɗi kamar faranti. Kyautar ɗa ce, na karɓa na yi godiya, duk da kowane rami na garin nan yanzu a ƙashin bayana nake jin sa.

Na kai wa Usta Rifki mai taya. Ya zagaya motar yana shafa wilin kamar mai duba ragon layya, yana kirana Hoja, wato malam.

"Hoja, irin wannan wili ai ba a ɓoye shi. Mai faɗi za ka sa. Faɗi shi ne riƙo."

Na leƙa bayansa na ga masu faɗin ne suka yi masa kwantai, jibge har rufi. Na ce zan yi tunani. Ya ce in yi da sauri, ranar da farin abu ya sauko kowa zai tuna yana da mota, layi har masallaci.

Daga nan na biya gidan shayi, wanda kuskure ne. A Bayburt babu namijin da bai fi injiniya sanin taya ba. Maƙwabcina Zekai, wanda ya yi ritaya daga gidan waya, ya ce biyu a gaba sun isa, huɗu almubazzaranci ne. Wai mahaifinsa ya yi shekara talatin yana tsallake Kop da tayoyi masu sanƙo da Ayatul Kursiyyu. Na tuna masa cewa a kan jaki mahaifinsa ya yi rabin shekarun nan. Aka yi dariya. Sai wani ya tambaya ina zan je a sanyin nan, ni da ba a ganin motata sai Afrilu. Na ce akwai wani bincike da nake yi a ɗakin karatu na Erzurum. Na jira tsiya. Ba wanda ya yi. Zekai ya danna sukari a haƙori ya kurɓi shayinsa yana kallon taga.

Laraba, 26 ga Nuwamba, da azahar

Na karanta duk abin da na samu. Ga abin da na fahimta, kuma na fi yarda da shi a kan Usta Rifki. Taya mai faɗi tana hawa kan dusar ƙanƙara ta yi iyo, kamar an ɗora faifai a kan ruwa. Siririya tana tara nauyin mota wuri guda ta yanka har ta taɓa ƙasa. Ƙaramin wili yana barin roba mai kauri tsakaninsa da titi, rami ba ya lanƙwasa shi, kuma sarƙa tana samun wurin zama. Sharaɗi biyu: tsayin taya gaba ɗaya kada ya canza, kuma ƙaramin wilin kada ya goga birki. Tayoyi biyu a gaba kaɗai, irin na Zekai, suna jan kan mota su bar gindinta ya wuce ta a kwana.

Na ɗauki wuƙa da faranti na shiga kicin in nuna wa Sa'adet. Ta saurara har ƙarshe, ta fi ɗalibaina haƙuri.

"Baƙa ce?" in ji ta.

Na ce e.

"Zagayayya ce?"

Na ce e.

"To saya mana, Nusret."

Ta bar miyarta rabi. Ta ce gishiri ne ya yi yawa. Na ɗanɗana, bai yi ba.

Alhamis, 27 ga Nuwamba, da magariba

Mun je mun dawo, titi a bushe. A tsaunin can sama kaɗai fari ya fara zama.

Da za mu tashi, yayar Sa'adet, Feride Abla, wadda ƙofarta ke kallon tamu, ta fito da buta ta watsa ruwa a bayan mota. Ku tafi kamar ruwa, ku dawo kamar ruwa. Haka ake yi wa mai tafiya soja ko aikin hajji. Na ce mata Erzurum za mu ba Makka ba. Ta ce in kula da sitiyarina ta kula da butarta. Ita na gaya wa zancen kumburi, ba ƙari.

Juma'a, 28 ga Nuwamba, bayan an sauko masallaci

An gama. Sirara huɗu, masu tambarin dutse da furen ƙanƙara a gefe, a kan baƙaƙen wili na ƙarfe inci goma sha biyar. Na sa Usta Rifki ya juya kowane wili da hannu ina tsugune ina sauraron ko zai taɓa birki. Bai taɓa ba. Na duba lambar shekarar da aka ƙera su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce ko mai neman aure bai kai ni bincike ba. Na sayi sarƙa kuma. Motar ta koma ta mai dankali.

Ilker ya kira. Uwarsa ta gaya masa na cire wilinsa. Ya yi ƙoƙarin mai da shi wasa amma na ji ya ji zafi. Ya ce, "Baba, kai da ba ka tuƙi da sanyi, me za ka yi da tayoyin sanyi?" Na ba shi labarin ɗakin karatu. Ƙarya tana laushi idan ana yawan taunata. Yana da jariri da aiki, me zai yi daga Izmir in ban da rashin barci?

Litinin, 1 ga Disamba, da safe

Dusar ƙanƙara ta sauko.

Talata, 2 ga Disamba, da la'asar

Ba ta tsaya ba. Na gwada ɗaura sarƙa a rumfa sau uku, na farko na ɗaure hannun rigata a ciki. Na auna iskar tayoyi. Daidai take. Na sake aunawa bayan shayi.

Ba tsoro nake ji ba. Shiri ne.

Alhamis, 4 ga Disamba, da magariba

Mun tashi bayan asuba. Daga gari zuwa gindin dutse an zuba gishiri, babu laifi. Daga nan titi ya ɓace, sai sandunan da aka kakkafa a gefe masu jan kai, su ne ke cewa nan ƙasa ce, can kuma rahamar Allah. Na sa giya ta biyu na riƙe sitiyari har yatsuna suka yi fari. A kwanar da ke ƙasa da hasumiyar tunawa da sojoji na ji bayan motar ya yi wani ɗan tunani, sannan ya fasa. Tayoyin sun riƙe. Ina so a rubuta wannan: sun riƙe.

Na san tarihin dutsen nan fiye da yadda ya kamata. Na san yawan mutanen da sanyi ya kwantar a kansa. Karatu ba ya taimakon direba.

A asibiti na zauna a baranda kamar kullum. Ba na shiga ɗakin. Kujerun a jere suke, kowace da ƙarfen rataya ruwa, kuma matan suna hira kamar a gidan biki.

A dawowa mun tsaya sau biyu a gefen hanya. Na riƙe mata goshi tana amai. Ta wanke baki da shayin fulas ta ce burodin kete da ta ci da safe ne, man ya yi yawa. Na ce lallai man ne. Yayin da take hutawa na zagaya motar na duba tayoyi. Zanensu ya cika da dusar ƙanƙara, an ce haka ake so, ita ke kama 'yar'uwarta.

A ƙofar gida ƙafata ta zame. Ruwan Feride Abla ya daskare, faɗin tabarmar salla.

Asabar, 6 ga Disamba, da hantsi

Sa'adet ta kwana biyu ba ta sauko ƙasa ba. Na dafa miyar yogot da alkama yadda take yi, ta fito kamar farar ƙasar shafe. Ta sha cokali uku don kada in ji kunya.

An ƙwanƙwasa, na buɗe, ba kowa, sai tukunya a kan dakali an naɗe ta da tawul. Matar Zekai ce, na gane tukunyar. Wataƙila ta dafa da yawa ne.

Litinin, 8 ga Disamba, da safe

Na ɗauki matajinta zan ajiye a mazauninsa. Na tsaya. Na cire abin da ke jiki na jefa a murhu kafin ta shigo. Warin ya cika ɗaki, na ce kwal ɗin bana ba shi da kyau.

Yau ta ɗaura kallabi a cikin gida. Ta ce kunnenta ke jin sanyi.

Iskar taya ta baya ta hagu ta ragu kaɗan. Sanyi ke sa haka. Na ƙara.

Laraba, 10 ga Disamba, da la'asar

Gobe Alhamis. Duk mako yanzu Alhamis ce da jiran Alhamis.

Alhamis, 11 ga Disamba, da magariba



Kop bai yi mana komai ba. Mun wuce wata babbar mota kwance a kan haƙarƙarinta, lemo ya watse a kan fari, direban yana tsaye yana shan taba. Na ce wa Sa'adet ta kalli ɗaya gefen. Ta ce lemon yana da kyau. Muka je, aka yi abin da ake yi, muka dawo.

Layinmu gangare ne, daga babban titi ake hawowa. Na shigo a hankali, ina taya kaina murna, sai sitiyari ya zama kamar ba a haɗa shi da komai ba. Motar ta juya gefe, ta yi baya, a hankali ƙwarai, har na samu lokacin kallon fuskar Sa'adet. Muka jingina da katangar Zekai. Fitilar baya ta fashe. Kanta ya bugi gilashi, ba da ƙarfi ba, amma kafin in kai ta sama wurin ya yi shuɗi kamar an shafa baba. Likita ya taɓa ce mini in kula da irin wannan, jininta ba kamar da ba ne.

Na fita da tocila. Daga ƙofarmu har kusan kwana, ƙanƙara ce sumul kamar an zuba gilashi. Babu tayar da aka ƙera don wannan.

Na tsallake dutsen da ya ci runduna, na zo na yi hatsari taku kaɗan daga gadona.

Juma'a, 12 ga Disamba, da hantsi

Na je wa Feride Abla. Na yi mata lacca a tsaye a bakin ƙofa: ruwa, sanyi, gangare, nauyin mota. Na ce al'adar nan mutanen da ke tafiya da rani a kan doki suka ƙirƙiro ta. Ta rantse kofi ɗaya take zubawa tun da ta ga na zame.

"Kofi ɗaya ne ya yi kogin nan, Abla?"

"To ka tambayi kogin mana, tunda kai ne malamin ƙasa."

Na bi layi ina neman inda famfo ya fashe. Babu. Shuɗin goshin Sa'adet ya sauko har ido. Na kira asibiti, suka ce in zuba ido, in ta yi amai ko barci ya yi yawa in kawo ta. Amai da barci. Ta yaya zan bambanta?

Lahadi, 14 ga Disamba, da azahar

Ina tashinta kowane lokaci in tambaye ta sunana. Ta ce in na sake za ta faɗi wani suna daban don ta ga yadda zan yi.

Talata, 16 ga Disamba, da la'asar

Shuɗin ya koma ɗorawa. An ce alama ce mai kyau.

Jibi bayan ƙarin ruwa za su yi hoto su ga ko abin yana jin magani. Sakamako sai Alhamis ta sama.

Na fasa ƙanƙarar layi da gatari iya inda taya za ta bi. Zekai ya fito da shebur ya taya ni. Na yi masa zancen katanga, ya ce dama ta tsufa. Ban taɓa ganin Zekai ya bar dama irin wannan ta wuce ba. Da na fi so ya zage ni.

Alhamis, 18 ga Disamba, da magariba

Mun gangara lafiya har babban titi, sai Sa'adet ta ce mun bar fulas. Na ajiye motar a kwana na koma da ƙafa.

Mata bakwai na tarar a tsakiyar layi. Feride Abla da kofinta, gaskiya ta faɗa. Matar Zekai da buta. Matar liman da tulun roba. Tsohuwar da ke ƙarshen layi, wadda ba ta fita ko ranar idi, jikarta ta riƙo ta, ita kuma ta riƙo kwanon sha. Wata ma bokiti ne. Ruwan yana gangarowa yana tururi, har ya fara kamawa a gefe. Ashe jira suke mu sha kwana sannan su fito.

Suka tsaya, na tsaya. Ba wadda ta gaishe ni.

Ban san da wace murya na yi magana ba. Na ce saura kaɗan su kashe ta makon jiya. Na ce duk wadda ta sake zuba ko ɗigo a bayan motata, ni da ita sai gaban hukuma. Na ce matata lafiyarta ƙalau, kumburi ne, kowa ya koma ya ji da gidansa. Tsohuwar ta dube ni kamar yadda ake duban yaron da ya yi fitsari a wando yana cewa ruwan sama ne. Na ɗauko fulas na wuce ta tsakiyarsu.

Wa ya gaya musu? Na bi kowa a raina har Erzurum. Mai kemis? Direban bas da ya gan mu a ƙofar asibiti? Abin da ya fi tsorata ni, kada wata ta je dubiya bakinta ya suɓuce a gaban Sa'adet.

An yi hoton. Mai ɗaukar hoton bai kalle ni ba da ya fito. Wataƙila ba ya kallon kowa.

Asabar, 20 ga Disamba, da hantsi

Babu tukunya a dakali yau.

Litinin, 22 ga Disamba, da azahar

Rediyo ya ce guguwa na tafe daga arewa, Laraba zuwa Alhamis. Na ɗaura sarƙa na kwance, na ɗaura na kwance. Yanzu ina iya yi da safar hannu. Na sa bargo biyu a but, da shebur, da kyandir, da buhun yashi a kan tayoyin baya.

Na zauna a cikin motar a rumfa, ba tare da na tayar ba. Ban san tsawon lokacin ba. Kujerarta tana ƙamshin man lemon da take shafawa a hannu.

Ba tsoro ba ne.

Talata, 23 ga Disamba, da la'asar

Tsoro ne.

Laraba, 24 ga Disamba, da magariba

An rufe Kop tun azahar. Sun ce in iska ta lafa za su buɗe da safe, motoci su bi bayan katafila mai share dusar. Sa'adet ta goge rigar da za ta sa gobe, mai ruwan toka, wadda take sawa zuwa ɗaurin aure.

Alhamis, 25 ga Disamba, bayan magariba

Zan rubuta shi a jere, in na iya.

Na fito bayan asuba ina tunanin tsohuwar ƙanƙarar da sabuwar dusa ta rufe. Na tarar an share layi, kuma baƙi ƙirin yake daga ƙofarmu har titi. Toka. Kowane gida ya juye tokar murhunsa a kan hanyar taya, wata har da sauran ɗumi. Ba kowa a waje. Ƙofofi a rufe, labule a sake.

Na tayar da mota, na buɗe mata ƙofa. Sa'adet ta tsaya da jakarta ba ta shiga ba. Tana kallon ƙofar yayarta. Injin yana ta aiki. Na ga hannunta a kan jakar, yadda ya ƙanƙance.

Na tsallaka na ƙwanƙwasa. Feride Abla ta buɗe tun kafin in sauke hannu, da mayafinta, da kofin a cike. Na ce, "Abla, kofi ɗaya." Ta ce dama ɗaya ne. A madubi na ga ta watsa, na ga wasu ƙofofin suna buɗewa, na ga Zekai a bayansu da bokitin toka yana jira su gama.

A gindin dutse jandarma suka tsayar da kowa, mai taya mai faɗi da sanƙo suka mai da shi gida. Suka haska tambarin tayoyina, suka ce in ɗaura sarƙa. Ta zauna daram, da wurinta. Muka bi katafila mu shida a jere.

Kusa da ƙoli iska ta taso. Ba sama ba ƙasa, fari kawai yana gudu a kwance. Fitilar motar gabana ta ɓace. Sandunan gefe suka ɓace. Na taka birki a hankali na tsaya, kuma da na tsaya sai na kasa tashi. Na bayana yana ta hon. Na san tsayawa a nan ta fi tafiya hatsari, na karanta, na sani sarai. Na ce mata tayoyin ne nake so su huce. Tayoyin sanyi, a kan Kop, su huce.

Ta ɗora hannu a kan gwiwata. Sai ta faɗi sunan abin. Ta faɗe shi kamar sunan wani ƙauye da za mu wuce a hanya.

Na ce wa ya gaya mata.

"Nusret, shekara talatin ina auren malami. Ka zaci ban iya karanta allon da ke saman ƙofar ɗakin ba? Kullum a ƙarƙashinsa kake zama."

Tun ranar farko ta sani. Ita ta gaya wa yayarta, ta kuma san gaya wa Feride gaya wa layi ne, shi ya sa ta gaya mata. Na ce me ya hana ta yi mini magana. Ta ce ta ga na samu abin yi, wili da sarƙa da iska, ta ce bari ta bar ni da su, kada in zauna ina kallonta. Amma ta gaji. Ta ce ciwon da nauyi, yi mini wasan kumburi kuma ya fi shi gajiyarwa.

"Yanzu ka sa giya. In mutuwa zan yi, ba a bayan katafila ba."

Na sa. Ban san yadda muka sauka ba. Ita ce take cewa ga sanda, ga wata, dama kaɗan.

A asibiti likita ya duba hoton, ya dube ni, ya yi mini alama da ido zuwa baranda. Har na ɗaga daga kujera. Sa'adet ta ce, "Likita, a nan za a faɗa. Jikin nawa ne." Ya koma ya zauna.

Abin ya ragu. Ba kamar yadda suka so ba, amma ya ragu. Za a ci gaba har ƙarshen Fabrairu, sannan su ga ko za a iya aiki. Ta yi tambayoyi biyar ko shida, masu kyau, waɗanda ni ban taɓa yi ba don ina tsoron amsarsu. Yau na shiga ɗakin na zauna kusa da ita har ruwan ya ƙare. Matar da ke kujerar gefe ta ce, a'a, wannan ne mai tayoyin?

Fabrairu. Kop ya fi muni a Fabrairu.

Juma'a, 26 ga Disamba, da hantsi

Na kira Ilker, tana zaune a gefena. Na faɗi sunan da bakina, karo na farko. Ya tambaye ni tun yaushe. Na faɗa. Abin da ya ce mini bayan nan ban taɓa jin ɗa ya faɗa wa uba ba, kuma ban katse shi ba. Gobe zai sauka Erzurum, zai biyo bas. Ya ce kada in kuskura in zo ɗaukarsa.

Har yanzu ina jin tsoro. Ita ma ta ce tana ji. Mun faɗa wa juna da safe muna shan shayi, kamar masu zancen farashin kwal.

Game da taya, siririya a kan ƙaramin wili, huɗu ba biyu ba, ni ke da gaskiya, kuma zan maimaita a gidan shayi. Sauran duka na yi kuskure.